Kifin roban da na saya a Garwa

Jama'a masu zuwa fatsa tafkin Lagdo, akwai wani shago a babbar kasuwar Garwa da ke saida kifin roba, kayansa sun yi wallahi. Yanzu da damina ta ɗauke ruwan bai gama washewa ba, sai mai shagon ya ce min Alhaji bar farin nan, ɗauki mai ruwan ɗorawa mai 'yan duwatsu a ciki, ƙararsa ke kiran giwan ruwa, kapiten ɗin nan, kuma haka aka yi, yana nutsewa kusa da duwatsu aka cafke. Ƙugiyoyin ne dai ba ƙwari, tsage ya lanƙwasa min ɗaya, ku canza su tun a gida. Sefa kam zai ci, amma mai shagon yana ragi.