Sharhi: Aikin mai duba mindar tsofaffin sojoji a Zuru

A Zuru da wuya ka ƙirga gida biyar a jere ba ka samu wanda ya taɓa ba da soja ba, shi ya sa akwatunan ƙarfe na mazan jiya suke da yawa a ƙarƙashin gadaje. Akwai wani dattijo a garin, tsohon saje da ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda ya mai da duba irin waɗannan kaya sana'a: ya gaya maka mece ce, ya tsabtace, ya jera maka a firam. Na kai masa kayan kakanmu daga Birnin Kebbi, minda uku, wato lambobin yabo na soja, da ɗan ƙyallen kafaɗa da maɓallan tagulla. A taƙaice, wajen ganewa ban ga kamarsa ba, wajen gyara kuwa sai ka tsaya a kansa.

Ƙyallen ya fara ɗauka, bai ko kalli mindar ba. Hoton mashi biyu ne a gicciye cikin wani zagaye. Wata manhajar gane hoto da ke wayata ta ce tambarin ƙungiyar ƙwallo ne. Baba Saje ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, zagayen nan gammo ne." Alamar Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma ke nan, wadda ta yi yaƙi da Japan a yankin Arakan na ƙasar Bama (Myanmar ta yau) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. An sa gammo ne saboda sojojinmu a ka suke ɗaukar kaya a dazuzzukan da mota ba ta shiga. 'Yar'uwarta, Runduna ta 81, baƙin gizo-gizo ne alamarta a kan rawaya, kuma ita ce ta bi kwarin Kaladan. Rundunonin biyu sun haɗu a Myohaung a Janairun 1945, sunan da har yau wani bariki a Legas yake ɗauke da shi. Maɓallan kuma masu hoton bishiyar kwakwa na tsohuwar rundunar Turawan mulki ne, wadda ake rubutawa RWAFF.

A kan mindar ne na ƙara ganin girmansa, domin bai yi mini daɗin baki ba. A gidanmu an tashe mu da cewa minda ta farko, wani tauraro mai tsini shida, lambar jarunta ce, wai kaka ya yi wata bajinta ta musamman. Baba Saje ya ce a'a. Tauraron Bama ne, kuma duk wanda ya yi aikin yaƙi a fagen Bama tsakanin Disambar 1941 da Satumbar 1945 ya cancanci samu, daga mai riƙe da bindiga har mai ɗauko akwatin harsashi. Na biyun Tauraron 1939 zuwa 1945 ne. Ta ukun, mai kan Sarki Joji na Shida a gaba da zaki ya taka dodo a baya, Mindar Yaƙi ce, kuma ba azurfa ba ce kamar yadda gwaggonmu ta rantse, gamin tagulla ne da nikel. Ya ƙara da cewa lambar jarunta ta gaske da ake ba ƙananan sojoji tana zuwa da sunan mai ita a gefenta. Wani zai ji zafin wannan magana. Ni dai na fi son na san abin da nake riƙe da shi, kuma zuwa Bama a dawo da rai ba ƙaramin abu ba ne.

Nan kuma iyakar sana'ar take. Mindar Yaƙin Duniya na Ɗaya, irin ta waɗanda suka yi Kamaru daga 1914 zuwa 1916, ana buga lambar soja da muƙami da suna a gefenta ko a bayanta. Ta yaƙi na biyu, Ingila ta raba galibinta babu suna. Saboda haka zai iya ce maka wannan Tauraron Bama ne na gaske, amma ba zai iya rantsewa na kakanka ba ne. Takardar sallama ce shaida, ko littafin fansho, ko hoto. Da ya ji tamu takardar gara ta cinye, sai da ya yi tsaki.

Yadda yake gane jabu ma abin kallo ne. Yakan auna nauyi a tafin hannu, ya bi gefe da farce ko zai ji layin zubi, ya duba ko haruffa sun fito da kaifi ko sun yi kumburi. Yana da ɗan maganaɗisu, domin tauraron gaske ba ya kama shi, ko da yake ya ce jabun tagulla ma ba ya kamawa, don haka ba a tsayawa a nan.

To, ga inda muka saɓa. Soja ne, kuma soja bai yarda da ƙarfe marar ƙyalli ba. Kafin in yi magana ya goge tauraro ɗaya da man goge tagulla har ya koma kamar sabo, duhun shekara tamanin ya tafi. Masu tara kayan tarihi ba sa son haka, yana rage daraja, yana kuma cin rubutun a hankali. Tsohon ƙyallen da ake rataye Tauraron Bama da shi, mai ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, ya so ya yar saboda ya koɗe. Na ce, "Baba, a yi haƙuri a bar mini shi." Ya sa sabo a gaba, ya naɗe tsohon a bayan firam, yana gunaguni. Jerin dai ya yi shi daidai bisa ƙa'ida: taurari a gaba, Mindar Yaƙi a ƙarshe.

Ba ya rubuta komai, don haka ka je da biro, ko ka nemi izini ka ɗauki muryarsa. Yana kuma sayen kaya daga hannun magada, saboda haka farashin da zai faɗa maka farashin mai saye ne, ka ji ta bakin wani kafin ka saki. Kuɗin dubawa kaɗan ne, firam ɗin ne da ɗan nauyi. Takubba da masu da sulke na yaƙoƙin Kabi ya ce ba fanninsa ba ne, a je gidan tarihin Kanta a Argungu a gwada da waɗanda suke can.

Hanyar Zuru akwai shingayen jami'an tsaro, kada ka ɗauko banati, wato wuƙar bakin bindiga, ko tsohon kaki a mota, ɗauki hotonsu a waya ya isa. In kuwa ka tarar da harsashi ko gurneti a akwatin tsoho, kada ka taɓa, ka sanar da hukuma.