Akwatin ƙarfe na M2A1 don ajiyar harsashi

Duk mai sake ɗura kwanson harsashi da hannunsa a nan Amurka ya san zafi da danshi ne manyan abokan gabarsa. Ni a Houston nake, inda iska ke ɗauke da laima kusan duk shekara, shi ya sa na sayi akwatin ƙarfe na M2A1, irin tsofaffin kayan soja da ake sayarwa a shaguna.

Abin da ya fi burge ni shi ne robar bakin murfin. Da zarar ka danne marufin, iska ba ta da hanyar shiga. Na jefa ƙullin silika a ciki, mai canza launi in ya sha danshi, na ajiye akwatin a ɗaki mai sanyi maimakon gareji, domin zafi yana cin albarushi a hankali. Shekaru sun shuɗe, tagullar kwanson harsashin ba ta yi kore ba, harsashin kuma yana tashi lafiya lau a filin harbi.

In ya cika akwai nauyi, ba wasa. Kafin ka biya kuɗinka ka duba robar da kyau, ta wasu kan bushe ta tsage. Ka kuma rubuta ranar ɗuri a jikin kowane kwalin harsashi.