Shagon askin da ake duba kai kafin a kunna inji

A kan titin Zoo Road a Kano akwai shagunan aski da yawa, kuma galibinsu kamanninsu ɗaya ne, wato madubi mai faɗi, da kujeru biyu ko uku, da allon hotunan samari masu aski iri-iri a jikin bango domin wanda ya shigo ya nuna wanda yake so. Shagon da zan yi bayani a kansa shi ma yana da irin wannan allo, sai dai mai shagon, wani magidanci da ya gaji wanzanci a wurin mahaifinsa kafin ya ajiye zabira ya kama inji, ba ya aiki da hoto kai tsaye. Idan mutum ya zauna, sai ya fara shafa kan da tafin hannu tun daga goshi har ƙeya, ya lura da inda gashi ya kwanta da inda ya murɗe, ya duba ko akwai tabo ko ƙurji ko wurin da sanƙo ya fara leƙowa, sannan ya tambayi irin hular da mutum ya saba sawa. A ganina wannan ɗan duban, wanda ba ya cin minti biyu, shi ne ainihin abin da ake biyan kuɗinsa a shagon.

Shawarar da yake bayarwa tana da hujja, kuma yana faɗin hujjar. Mai zagayayyiyar fuska da cikar kumatu yakan rage masa gefe sosai ya bar ɗan tudu a sama, domin fuskar ta ƙara tsawo a ido. Mai doguwar fuska kuwa ba ya bar masa tudu, yakan daidaita sama da gefe ya kuma bar saje ya ɗan cika. Inda ya fi burge ni shi ne yadda yake bi da masu sanƙo, domin da yawa daga cikinmu mukan so a bar gashin gefe da yawa, muna ganin kamar shi ne zai rufa mana asiri, alhali cikar gefen ce take ƙara tona tsakiyar da ta zube. Shi yakan sauke kan gaba ɗaya da lamba 1, wadda take barin gashi kimanin milimita 3, ko lamba 2 mai barin milimita 6 idan zubewar ba ta yi nisa ba. Ga dattawa da ma'aikatan da ba sa rabuwa da zanna bukar ko kube, yakan ce ƙeya da saje da gyaran fuska su ne kaɗai jama'a suke gani, saboda haka a nan yake ɓata lokacinsa. Haka kuma idan uba ya kawo yaro yana neman a kwashe gefe tas a bar tsibiri a tsakiya, yakan tuna masa da hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda ya hana aske wani sashe na kan yaro a bar wani, ya ba shi zaɓin a sauke gefen a hankali ba tare da an kai ga fata ba.

Gyaran ɓarnar da aka yi a wani wuri shi ne ya sa sunan shagon ya bazu. Na taɓa zama a layi aka shigo da wani saurayi da ɗaurin aurensa ya matso, an yi masa gyaran goshi a wani shago, mai askin ya yi ta bin layin da reza yana neman ya miƙe har ya ci cikin gashin kusan faɗin ɗan yatsa, ɓangaren hagu kuma ya fi na dama hawa. Saurayin ya nemi a fesa masa baƙin fenti a cike wurin. Mai shagon ya juya kansa zuwa hasken ƙofa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, abin da aka riga aka cire ba ni da ikon mayar da shi, fentin nan kuma gumin rana ɗaya zai gangaro da shi kan babbar rigarka." Ya sauke gashin duka ƙasa-ƙasa domin bambancin da ke tsakanin fata da gashi ya ragu, ya bi bakin layin da inji ya kashe kaifinsa, ya ƙi taɓa ɓangaren dama da nufin daidaita shi da na hagu, domin yin haka ƙara ɓarna ne. Ya kuma gaya masa cewa gashin kai yakan ƙaru da kimanin santimita ɗaya ne a wata, don haka kada ya bari kowa ya sa reza a goshin har sai wurin ya tofo. Irin wannan dabarar yake yi wa ramin da inji yakan bari idan lambar ta zame a hannun mai aski, wato ya sauke kewayen ramin a hankali har ido ya daina tsayawa a kansa.

Yana kuma sanin inda aikinsa ya ƙare. Ƙurajen aski da suke damun maza a haɓa da wuya suna fitowa ne saboda gashinmu mai murɗewa ne, idan reza ta yanke shi dab da fata sai tsininsa ya lanƙwaso ya soki fatar, wurin ya kumbura ya yi baƙi. Duk wanda ya gani da su ba ya sa masa reza ko da ya nace, inji yake amfani da shi ya bar ɗan tsiro, kuma yana bin kwanciyar gashin. Amma masu taurarun ƙuraje a ƙeya, waɗanda kan haɗe su zama tudun tabo, asibiti yake tura su wurin likitan fata. Yaro mai makero ba ya aske shi da injin shago, kuma na ji yana hana wata uwa shafa wa ɗanta man birki, yana yi mata bayanin cewa ciwon yana cikin saiwar gashi ne, maganin shafawa kaɗai ba ya kai masa, sai an haɗa da na sha wanda likita zai rubuta. Wannan gaskiya ne, kuma ba kowane mai aski ne zai yarda ya sallami kuɗi saboda ita ba.

A fannin tsabta shagon ya fi na kusa da shi. Ana buɗe sabuwar reza a gaban mutum, ana kakkaɓe bakin inji a wanke shi da sipirit maimakon a wuce da shi ta harshen wutar laita kamar yadda aka saba, kuma akwai akwatin ajiya ga masu son kawo injinsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna cewa ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a jikin ƙarfe har kwana 7 ko fiye.

Duk da haka akwai abubuwan da ban gamsu da su ba. Burushin hoda guda ɗaya ne yake bin wuyan kowa, tawul ma ba a canja shi bayan kowane mutum, wanda hakan yana rage amfanin wanke injin. Ana shafa wa masu furfura baƙin rini nan take ba tare da an gwada kaɗan a bayan kunne an jira awa 48 ba, alhali sinadarin PPD da ke cikin yawancin irin wannan rini yana kumbura fuskar wasu mutane. Yaran shagon kuma ba su kai maigidansu haƙuri ba, hannunsu yana da saurin cin goshi, musamman ranar Alhamis da dare da jajiberin Sallah lokacin da layi yake kaiwa bakin titi. Kuɗin askin ya kusan ninka na shagunan cikin unguwa. Wanda zai je domin gyaran ɓarna ko neman askin da zai dace da shi, ya je da hantsi a tsakiyar mako, ya riƙe tawul ɗinsa, ya kuma ce zai jira kujerar maigidan.