Girebar da aka dawo min da ita a Birmingham

Masu tambayata a WhatsApp ko har yanzu ina kayan fulawa tun da muka dawo Ingila da zama, ina yi. Amma kafin labarin oben da bota, bari in fara da abin da gireba ta ja min, don har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Makarantar firamaren autata ce ta aiko da takarda, wai iyaye su kawo kek ko biskit na gida a sayar, a zuba kuɗin a wata gidauniya. Na ce madalla, yau za su san 'yar Yakasai ta shigo gari. Na raba dare ina murza gireba da man gyaɗa na matsa, wanda Yaya ta ƙullo min tun daga Kano. Na barbaɗe ta da riɗi, ta gasu ta tsattsage a ka yadda ake so. Da safe na jera a roba na kai.

Matar da ke karɓar kaya ta buɗe, ta yi murmushin nan nasu da ba ya wuce leɓe, ta ce me da me na sa a ciki. Na shiga lissafa mata ina jin kaina. Ina ambatar gyaɗa da riɗi ta mai da murfi ta rufe ruf, ta janye robar daga kan teburin, ta miƙo min abata. "Yi haƙuri, wannan ba za ta shiga ba." A gaban iyayen yara, layi guda a bayana. Har da goge hannu da tishu! Haka na rungumo robata na hau bas, ƙamshi na tashi, ni kuwa ko haɗiyar yawu na kasa.

Maƙwabciyata 'yar Somaliya ce ta warware min zancen. Borin jini a ƙasar nan ba ƙaiƙayi da kumburin leɓe kawai ba ne. Akwai yaran da ɗan ɓurɓushin gyaɗa ya isa ya toshe musu maƙogwaro, shi ya sa makarantu da yawa suka hana shiga da ita, wasu yaran ma da allurar gaggawa suke yawo a jaka. Doka ta ware abubuwa 14 da dole mai sayar da abinci ya bayyana, ciki har da alkama, ƙwai, madara, gyaɗa, riɗi, waken suya da kifi, kuma a jikin leda da harafi mai kauri ake rubuta su. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta rasu bayan ta ci burodin da ta saya a filin jirgi, ashe da riɗi a cikin kwaɓin kuma ba a rubuta ba. Iyayenta ba su ce ƙaddara ce suka naɗe hannu ba. Suka bi maganar har aka yi doka da sunanta, ta fara aiki a Oktoban 2021: duk abincin da aka ƙunshe a kanti don sayarwa sai an lissafa kayan haɗinsa kaf.

Na ji, na kuma tausaya. Amma ina nan a kan bakana cewa matar nan ba ta iya mu'amala ba. A Kano ko me aka kawo miki a kwano, karɓa za ki yi da hannu biyu, ki ce an gode Allah ya amfana, abin da za ki yi da shi kuma sai bayan mai shi ta juya baya. Da na faɗa wa Umma a waya sai ta yi salati, ta ce, "Ke 'yar nan, mutanen da gyaɗa ke kayarwa kika je zama cikinsu?"

Sai dai tambayar da matar makarantar nan ta yi ta maƙale min: me kika sa a ciki? Ku faɗa min tsakani da Allah, wace mai kek ce a Kano za a yi wa wannan tambaya ba ta haɗe rai ba? Nan da nan za ta ce sirrin sana'a ne, ko kuma ana so a sace mata kasuwa. Mun ci mitfai a biki ba mu san naman kwana nawa ne ba. Mun ci cincin da aka soya da man da ya soya kifi, ya soya fanke, ya yi baƙi ƙirin. Wata ta zuba sakarin ta ce suga ce, wata ta danna kala ruwan ɗorawa a kwaɓi don a zaci ƙwai ne ya yi yawa. Ga masu ciwon suga da hawan jini a kowane gida, kuma ba mai gaya musu komai. Hoto dai ya yi kyau a Instagram, shi ke nan.

Nan kuwa ko daga kicin ɗinki za ki riƙa sayar da donot, sai kin yi rajista da ƙaramar hukuma aƙalla kwana 28 kafin ki fara. Kyauta ne, ba wanda zai ce ki kawo na goro. Duba-garinsu na iya zuwa har gida su leƙa firji, su duba inda kike wanke hannu, su ba ki maki daga 0 zuwa 5, kuma kowa na iya ganin makin a intanet.

Kayan aiki kam ba ƙarya. Fulawa a ƙunshin takarda take zuwa, kilo 1.5, da ranar lalacewa a jiki, kuma kala-kala: ta yau da kullum, mai haɗe da bekin foda, da mai ƙarfi ta burodi. Tun da na zo ban tankaɗe tsutsa ko ɗaya ba. Ƙwai kowanne da hatimi a ɓawonsa, an ware su da nauyi, babba giram 63 zuwa 73, ba ruwanki da jefa shi a ruwa ki ga ko zai taso. Kowa da sikeli yake aiki. Mu da muka saba da gwangwanin madara da kwanon awon da aka bubbuge wa gindi, mu muka san dalilin da kek ɗin jiya ya tashi na yau ya kwanta. Oben kuma in kin sa shi a digiri 180 a nan zai zauna, ba fargabar a ɗauke wuta kwaɓi na ciki, balle tukunyar yashi da garwashi sama da ƙasa.

To amma a bakin kanta ake gane wahalar. Sayayyar minti biyar sai ta zama karatu. Wannan fai ɗin da kitsen alade aka murza shi, wancan kayan adon kek da jelatin, kwalbar banila kuma da giya a cikinta. Sai na gangara Coventry Road ko Alum Rock wajen 'yan Fakistan da Larabawa hankalina ke kwanciya. Man gyaɗarsu an tace shi har ya rasa ƙamshi, ga tsada a 'yar kwalba. Man shanun Indiyawa na gwangwani yana da kyau, amma ba shi ne na Fulani da ake soyawa da albasa ba, nakiya kuma ba ta yafe wannan. Ba damar a aiko min, don an hana shigo da nama da kayan madara a jaka daga ƙasashe irin namu. Kek ɗinsu na kanti kuwa zaƙi ne zalla, rabin tsayinsa ado.

Abin da ya fi ci min rai shi ne cincin ɗin Sallah. Mai na fara zafi na'urar hayaƙi ta ɗau ihu kamar an kama ɓarawo a Kwari, dole in wangale taga a cikin sanyin da ke fasa ƙashi. Ni ce murji, ni ce yanka, ni ce suya. Babu tabarma a tsakar gida, babu 'yan matan maƙwabta da wuƙaƙe da faranti, babu yaran da za a kora saboda satar na farko. In an gama kuma ba yaron da za a aika gida-gida da kwano, don sai kin fara tura saƙo kin tambaya ko za a iya ƙwanƙwasa ƙofa. Alkaki da dubulan ma na daina wahalar yi, wa zai ci?

Yaya, in mai tahowar nan ya tashi, a ƙara min man gyaɗa da kanumfari da masoro, a naɗe jarkar da leda sosai. Kilishi kada ma a fara, a filin jirgi za su ƙwace.