Wata Shida a Kan Keken Hanyar Burji

Wata shida ke nan da na sayi keken nan da aka ƙera don hanyar tsakuwa da burji. Ganin farko, ka ce keken tsere ne aka sa wa taya mai kauri. Kansa lanƙwasasshe ne, birkinsa na faifai, faɗin tayar milimita 40, alhali na tsohon kekena na kwalta 28 ne.

Makon farko na sha wuya, kuma laifina ne. Na ɗura wa tayoyin iska har suka yi tauri kamar dutse, yadda na saba. Da na faɗa gargada sai keken ya dinga tsalle, hannuwana suka mutu, tayar baya tana zamewa a kowace kwana. Wani abokin tafiya ya danna tayar da babban yatsa, ya yi dariya, ya rage iskar zuwa wajen 35 a ma'aunin famfo, ni da na saba da 80. Wallahi sai ka ce an canja mini keke. Tayar ta riƙa kwanciya a kan tsakuwa tana kama ƙasa.

Daga ranar na fara jin daɗin abin. A fita ɗaya ka taka kwalta, ka sauka burji, ka ratsa yashi, ka bi 'yar hanyar ƙafa, ba motar da ke hura maka ƙaho. Ido kuwa ba ya hutawa, kullum kana zaɓen inda za ka ɗora taya. Kilomita 40 a nan ta fi 60 a kwalta cin jiki, shi ya sa nake jinjina wa masu tseren keke na Unbound na Kansas a Amurka, da ke cinye mil 200 a irin wannan hanya.

Tayoyin ba su da tiyub, wani ruwan gam ne a ciki. Sau biyu ƙaya ta huda ta gaba, ruwan ya toshe kafin in sauka. Amma yana bushewa bayan 'yan watanni, kuma mai sayarwa bai faɗa mini ba; a tsakiyar hanya na gano.

A kwalta yana da ɗan nauyin ƙafa. A gangara mai manyan duwatsu kuma ba shi da abin shanye jijjiga, nan keken hawan dutse ya fi shi nesa ba kusa ba. Yashi mai zurfi har yau sauka nake in tura.