Moto a kan sitiyari ko bawul a layin mai: wanne ya dace da MF 375?

Assalamu alaikum. Malam, tambayarka ita ce: kana da tarakta Massey Ferguson 375, kana so ka haɗa mata da hannunka tuƙin da tauraron ɗan'adam ke jagoranta ta hanyar manhajar AgOpenGPS, amma ka rasa na zaɓa tsakanin moto, wato ƙaramin injin lantarkin da ake ɗaurawa a kan sitiyari, da bawul, wato makunnin buɗewa da rufe hanyar mai da ake sakawa a layin man haidurolik. Shawarata ka fara da moto. Ga dalilaina, tare da wuraren da bawul ya fi shi, domin akwai su.

Ga 'yan'uwan da ba su san manhajar ba: AgOpenGPS kyauta ce, wani manomi a lardin Alberta na Kanada mai suna Brian Tischler ne ya fara rubuta ta, ya kuma bar ta a buɗe, manoma daga ƙasashe da yawa suka ci gaba da gyara ta. A kan kwamfutar hannu mai Windows take aiki. Ko moto ka zaɓa ko bawul, sauran kayan duk ɗaya ne: eriya a saman tarakta, na'urar karɓar sigina irin u-blox ZED-F9P, ƙaramin allon Teensy 4.1, na'urar auna karkata irin BNO085, da sensar da ke gaya wa kwamfuta digiri nawa tayoyin gaba suka juya. Bambancin kawai shi ne abin da zai murɗa tayoyin. Manyan kamfanoni ma a kan wannan layin suka rabu: EZ-Steer na Trimble moto ne a jikin sitiyari, Autopilot ɗinsu kuma ta mai yake bi.

Wajen ɗaurawa moto ya yi wa bawul nisa. Ƙarfe ɗaya mai walda zai lanƙwasa maka a jikin sandar sitiyari, ka sa giya ko ƙaramar taya mai gogar sitiyarin, ka ja waya zuwa allon da ke ba moton wuta, irin Cytron MD13S mai ɗaukar amfiya 13. Yawancin motocin da ake amfani da su na bolt 24 ne, batirin tarakta kuwa 12 ne, saboda haka sai ka ƙara na'urar ɗaga wuta da fiyus. Idan ka yi kuskure, kwance noti huɗu za ka yi tarakta ta koma yadda take. Bawul kuwa sai an buɗe layin mai tsakanin famfo, akwatin sitiyari da silindar da ke tura tayoyin gaba, an yanka sabbin tiyo masu ɗaukar matsi, an samo mahaɗan da zarensu ya dace. Kafin ma ka saya dole ka san tsarin taraktarka. Taraktoci irin taka famfonsu na tura mai ne ba tsayawa, man yana zagayawa ya koma tanki ko ba a aiki da shi. Manyan taraktocin zamani kuma famfonsu sai an nemi mai yake bayarwa. Bawul ɗin wannan ba ya zama a wancan, in ka cusa shi mai zai yi zafi ko sitiyari ya ƙi juyawa. Akwai kuma akwatin sitiyarin da mai ke iya komawa ta cikinsa idan taya ta bugi abu. Irin wannan sai ka ƙara wani bawul da zai toshe shi lokacin da kwamfuta ke tuƙi, in ba haka ba man da ka tura silinda zai zille ya dinga juya sitiyarin a banza. Wannan aiki ne na bakaniken da ya san haidurolik sosai, kuma kuɗinsa ya fi na moto idan ka haɗa da tiyo da ladan aiki.

Amma a cikin gona, gaskiya bawul ya fi iya tuƙi. Umarni na fita daga kwamfuta, mai na shiga silinda kai tsaye, taya ta amsa. Shi moto sai ya juya sitiyari, sitiyari ya juya sanda, sanda ta buɗe akwati, sannan mai ya motsa. Duk wani sako-sako da ke wannan hanyar jinkiri ne, kuma jinkiri shi ke sa tarakta ta dinga yin tafiyar maciji a kan layi. A aikin huɗa da shuka da ake yi a hankali ba za ka ji bambancin sosai ba. A feshi da gudu, ko wajen shiga sabon layi a bakin gona, za ka ji shi. Bawul kuma ba ya yin ƙara, ba ya tare wa direba wuri, kuma ƙura ba ta damunsa kamar yadda take cin giyar moto a taraktar da ba ta da ɗaki. Nasa abokin gāba shi ne dattin mai. Ƙasa 'yar kaɗan za ta iya maƙale shi, don haka duk wanda ba ya canza matatar mai a kan kari kada ya kusance shi.

Saiti kuma kowanne da halinsa. A duka biyun akwai lamba mafi ƙanƙanta ta wutar da za ta sa taya ta fara motsi, da mafi girma da ba a so a wuce, da kuma ƙarfin martani, wato yawan ƙarfin da kwamfuta ke sawa wajen gyara kuskuren taya. A moto, ɗaga ƙaramar lambar kaɗan-kaɗan har ka ga sitiyari ya fara motsi, ka tsaya a nan. In ta yi ƙasa, ƙananan gyare-gyare ba za su yiwu ba, tarakta ta zauna a gefen layi. In ta yi yawa, sitiyari ya dinga fizga. A bawul wannan lambar ta fi wuyar kamawa, domin tana canzawa da zafin mai da kuma gudun inji. Saitin da ka yi da sanyin safiya inji na tsaye a hankali ba shi ne zai yi maka da azahar ba. Sai mai ya ɗumama, inji na kan gudun aiki, sannan a saita shi. Ƙarfin martani kuwa ka ɗaga shi har tayoyi su fara rawa, sannan ka rage. Manhajar na da hanyoyin bin layi biyu, Pure Pursuit da Stanley. Fara da na farko, ka yi wasa da nisan hange, wato nisan wurin da manhajar ke dosa a kan layi a gaban tarakta: in ya yi gajere za ta yi ta ketare layi hagu da dama, in ya yi tsawo za ta daɗe ba ta hau layin ba.

Abin da nake so ka fi riƙewa shi ne, mafi yawan karkacewar da mutane ke ɗora wa moto ko bawul ba laifinsu ba ne. Ɗaga gaban taraktarka da jak, ka kama tayar gaba ka girgiza. In mahaɗan sandar da ke haɗa tayoyin ko boris sun ci, babu lambar da za ta gyara wannan. Bayan nan sai sensar kusurwar taya, wadda ba makawa sai da ita, domin a sitiyari mai aiki da mai zalla, matsayin sitiyari ba ya nuna inda tayoyi suka dosa, a hankali yake zamewa. Mutane da yawa na amfani da Honeywell RTY ko sensar auna tsayin mota ta Land Rover. Ɗaura ta yadda hannunta zai motsa ba tare da wasa ba, ka saita sifilinta kana tafiya a miƙe a fili mai daidaito, sannan ka yi da'ira hagu da dama domin lambar da ke kan allo ta zo daidai da ainihin juyin taya. Sifili ya kauce da digiri ɗaya, za ka ga tarakta na bin gefe guda na layi kullum.

Sai awo da tef: tazarar gatarin gaba da na baya, tsayin eriya daga ƙasa, nisanta daga gatarin baya, da ko tana tsakiya daidai. Tsayin nan ba abin wasa ba ne. Eriyar da ke mita 2.5 a sama, in tarakta ta karkata da digiri 2 kacal saboda taya ɗaya ta hau kunya, ta matsa kusan santimita 9. Ga wanda ke jera kunyoyin masara a tazarar santimita 75, wannan kuskure ne da ido ke gani. Na'urar auna karkata ce ke cire shi, amma sai an saita sifilinta a kan daɓe mai daidaito, an kuma tabbatar ba ta karanta hagu a matsayin dama.

Kada kuma ka manta da gyaran sigina na RTK, wato gyaran da wata tasha da ke tsaye a wuri ɗaya take aiko wa na'urar tarakta. Ba tare da shi ba layinka zai dinga zamewa, ka dawo bayan hutun rana ka tarar ya matsa. Da shi kuwa kuskuren na sauka zuwa santimita ɗaya ko biyu. Hanya mafi tabbas ita ce ka kafa taka tashar da F9P na biyu a kan rufin gida, ta dinga aiko gyara ta intanet ko ta rediyo, kuma gwargwadon kusancinta da gona gwargwadon kyawunta, domin kowace kilomita na ƙara kimanin milimita ɗaya na kuskure. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya irin namu, sararin sama na hargitsa siginar taurari bayan faɗuwar rana a wasu lokutan shekara, matsalar da manoman Birazil suka daɗe suna fama da ita. In RTK ya yanke maka da magariba, kada ka taɓa saitin sitiyari.

Maganar tsaro: kowanne ka sa, dole ya saki da zarar direba ya kama sitiyari. A moto ana yin haka da sensar auna wutar da yake ja, ko da hannun ɗage shi daga sitiyarin. A bawul sai sensar matsin mai. Ka sa makunnin yanke wuta kusa da hannu, a kashe komai kafin a hau titi, kuma direba ba ya barin kujera.

Ka yi damina ɗaya da moto. In ka ga aikinka ya koma feshi da gudu, ko ka ƙara tarakta mai famfon zamani, sai ka cire shi ka sa bawul. Eriya, allo, sensar kusurwar taya da tashar RTK duk suna nan, Cytron ɗin ma yana iya tuƙa bawul, sai dai ka sake saita lambobin wuta da ƙarfin martani. Turo mana hoton akwatin sitiyarinka da lambar da ke jikinsa, da hoton gatarin gaba ta ɓangaren dama, mu duba inda sensar za ta zauna.