Fentin zahi na gwangwani da na sa ma injin babur ɗina, abin da na gani bayan wata huɗu

Salamu alaikum 'yan uwa masu moto. Tun da na sake ma injin Kasea ɗina fenti ake ta tsaida ni ana tambaya wane iri ne, to bari in faɗa maku gaba ɗaya.

Bara na taɓa sayen baƙin fenti na fesawa a wani shago, mai shagon ya ce min duk ɗaya ne, ko injin jirgi zai riƙe. Wallahi ko sati bai yi ba ya fara kumbura yana wari, daga baya ya dinga ɓarewa kamar saɓar maciji, kuɗina sun tahi ga inji ya fi da muni. Shi ya sa wannan karon na ɗauki makanikena munka shiga babbar kasuwa tare, shi ne ya ce min "ƙanena bar kallon hoton wuta da ke jikin gwangwani, lamba za ka duba." Wanda munka ɗauka 400 ml ne, baƙi marar ƙyalli, an rubuta 600°C a jikinshi, wato iyakar zahin da yake iya jurewa, kuɗinshi ya fi na gama-gari sosai amma na biya ban yi gardama ba. Kuma don Allah ku kula da harafin da ke bayan lambar, don ma'aunin zahi iri biyu ne, wasu gwangwanayen F ne ba C ba, idan ka ga 500°F to 260°C ke nan, wannan ya ishi jikin inji amma kada ka kai shi kan salansa, wuyan salansa ya fi silinda zahi nesa ba kusa ba. 1200°F shi ne yake kusan 650°C.

Aikin duk a wanki yake, fesawar ba ta da wuya. Yini guda munka yi muna wanke inji, da farko esansi da buroshi don baƙin mai ya fita, sannan omo da ruwa, sannan munka bi tsakanin haƙarƙarin silinda ɗaya bayan ɗaya da buroshin waya da samfefa har tsohon fentin nan da tsatsa sunka tahi, daga ƙarshe munka goge da tina, ruwan nan da ake sirka fenti da shi. In akwai ko ɗigon maiƙo fentin ba ya kamawa a wurin, sai ka ga ya yi ido-ido. Buji da karbireta da wayoyi duk munka rufe da jarida da salatif, haka ma lambar inji, wannan kada ku manta da ita, in fenti ya cike ta ranar da anka tsaida ka ana gwada ta da takardu za ka sha magana.

Da sassahe na fesa, cikin inuwa, kafin iska ta taso, don kun san ƙurar garin nan in ta hau ɗanyen fenti ta zauna ke nan. Na girgiza gwangwani kamar minti 2 ina jin ƙwallon ciki na ƙara, na ja baya wajen taƙi ɗaya da ɗan wani abu, na bi shi shafe-shafe sau uku, tsakanin kowane ina jiran minti 15. Zubin farko har kana hangen ƙarfe, kada ya dame ka, haka ake so. Masu lafta shi da kauri su ke jawo ya zubo, kuma babur ɗinmu iska ke sanyaya shi ta haƙarƙarin nan, in ka lulluɓe su da fenti mai kauri ka ƙara ma inji wahala.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne irin wannan fenti bushewa kaɗai ba ta isa, sai ya gasu. Washegari na tada babur ya yi minti 10 a tsaye na kashe ya huce, na sake tadawa minti 20 na kashe ya huce, sannan na hau na zaga zuwa hanyar Tibiri na dawo. Ya yi hayaƙi da wari sosai, ku yi shi a fili nesa da yara.

Yanzu wata huɗu ke nan, ya sha ruwan damina da laka, na je Madarunfa ya fi a ƙirga, kan silinda da kulas, wato murfin saman silinda, babu inda ya ɓare, ina wanke shi ya dawo baƙi wuluk. Inda ban ji daɗi ba biyu ne. Wuyan salansa daidai inda ya fito daga inji ya koɗe ya koma ruwan toka, bai ɓare ba amma launin ya tahi. Sannan esansi ya ɗiga daga karbireta a satin farko ya bar tabo da har yau yana nan, don haka ku gyara yoyo kafin ku fesa. Bakin gwangwanin ma yana toshewa, sai ka kifa shi ka danna har iska kawai ta fito bayan kowane zubi.

Gwangwani ɗaya da ƙyar ya ishe ni inji da wuyan salansa, in za ka yi salansar gaba ɗaya sayi biyu. Ni dai zan sake sayenshi don inji, salansa kuwa sai na samu mai lamba sama da wannan.